Abin da ke kashe muku ƙaramin moto tun aikin bai tashi ba

"Oga, moton nan jabu ne." Maganar da nake sha ke nan daga ɗalibai masu haɗa aikin kammala karatu da samarin unguwa masu son ƙera jirgi marar matuƙi a nan Katsina. In ka bincika kuma, lafiya lau moton ya zo, hannu ne ya kashe shi. Ina magana ne a kan 'yan mulmulallun nan na farin ƙarfe irin 716 da 8520. Shi 8520 kaurinsa milimita 8.5 ne, tsawonsa 20, batir ɗaya na 3.7V ya ishe shi, amma in ba farfela a kansa yana juyawa fiye da sau dubu 30 a minti.

Ƙanƙantarsa ce ke ruɗin mutane. Yaro ya ga abu bai kai ɗan yatsa ba, sai ya soka wayarsa kai tsaye a ƙafar Arduino, ɗan bod ɗin nan da ake rubuta wa kod ya sarrafa na'ura. Ƙafar Arduino Uno 20mA aka ce ka ja, 40mA ne iyakar da in ka wuce ka shiga uku. Shi kuwa 8520 da farfela yana jan sama da 1,000mA. Ka ɗora wa jaki kayan tirela, sannan ka zo kana zagin mai shago? Ko moton ya ƙi motsi, ko ƙafar ta ƙone, wani lokaci bod ɗin gaba ɗaya.

Aikin Arduino ba da umarni ne, wuta daga batir za ta zo, MOSFET a tsakani, wato makunnin lantarki da Arduino ke buɗewa da rufewa. Ni AO3400 nake sawa. Wanda hannunsa ke rawa wajen liƙa ƙananan kaya da dalma ya nemi IRLZ44N, ya fi girma. Kada a ba ka IRF540 ka karɓa don ka ga suna kama, shi sai da wajen 10V yake buɗewa sosai. Ka gicciya diyod 1N5819 a wayoyin moton, gefen mai zobe yana kallon fozitib, domin duk sanda aka yanke wa moto wuta yana mayar da wata baya, ita ce ke cin MOSFET. Negatib na batir da na Arduino kuma a haɗe su, in ba haka ba ka kwana kana zargin kod ɗinka.

Sai masu L298N, bod ɗin nan na tuƙa moto gaba da baya. Don kun gan shi a YouTube ba shi ne ya dace da komai ba. Shi kaɗai yana shanye wajen 2V, to me ya rage wa moton 3.7V? In gaba da baya kake so a ƙaramin moto, DRV8833 ya fi. Batirin 9V mai kusurwa huɗu ma a bar wa mitar gwada wuta kayanta, ba shi da ƙarfin wannan aiki. In kuma bod na mutuwa yana tashi da zarar moto ya kama, ka sa kafasita 104 a bakin moton, babba kamar 470µF kusa da batir.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sa farfela, don ya taɓa cinye mini kuɗi da makonnin jiran kaya daga Sin. Tsinken tsakiyar 8520 milimita 1 ne kacal, na 716 kuwa 0.8. A gindin moton akwai 'yar murfin roba, a jikinta burushin yake, wasu siraran ƙarafa da ido ma da ƙyar yake gani. Ka riƙe moton ta ciki ka danna farfela da babban yatsa, tsinken ya tura murfin waje, ka ji ɗan "ƙas". Shi ke nan. Ka mayar da murfin yadda kake so, ba zai koma daidai ba. Ni nakan dafa gindin a kan kwabo bisa tebur, wayoyin a kwance gefe, sannan in danna a hankali. In ramin farfelar ya matse, ba taka ba ce, nemi mai daidai. Kuma don Allah ku raba moton nan da sufa gulu! Ɗigo ɗaya ya gangara ta tsinken ya daskare a ciki, an gama.

Sauran a gurguje. Mai waya ja da shuɗiya da mai baƙa da fara ba hanya ɗaya aka yi su su juya ba, in ka juya musu wuta za su yi aiki amma burushi zai ci da wuri. Batir biyu a jere 7.4V ne, zai yi ihu na ɗan lokaci ya mutu. Kada ka tsayar da shi da yatsa don gwada ƙarfi, a nan ya fi jan wuta. Wayoyinsa ba a ja, ka ɗaure su a jikin firam.

Da hunturu ku riƙa ajiye shi a leda ko kwalbar magani mai murfi, kuma nesa da inda ake goga ƙarfe, akwai maganaɗisu a ciki. A zafin Afrilu kuwa gam ɗin kyandir narkewa yake in moto ya ɗau zafi. Ni da guntun robar tiyub ɗin keke nake matse nawa.