Yadda Za Ka Nemi Hutu A Wurin Aiki Bayan An Kai Maka Hari

Ana yawan tambayata wannan, musamman waɗanda 'yan fashin mota suka ritsa da su a hanyar Kubwa ko Nyanya a Abuja. Ga matakan:

1. Fara zuwa asibiti, ko da raunin ƙarami ne.
2. Karɓi takardar likita mai hatimi da kwanan wata.
3. Kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka nemi kwafin rahoton.
4. Idan duka ne a gida ko fyaɗe, je hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Ita ke aiwatar da dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 a Abuja.
5. Sanar da maigidanka na wurin aiki a ranar, ko da ta saƙon waya.

Hattara: nan ake yin kuskure. Mutum ya yi shiru kwana uku don kunya, sai a rubuta masa fashin aiki.

6. Rubuta takardar neman hutu, ka haɗa da ta likita. Dokar ƙwadago ta ba da hutun rashin lafiya har kwanakin aiki 12 a shekara, da albashi, muddin likita ya tabbatar.
7. In bai isa ba, ko kana da zaman kotu, nemi a cire daga hutunka na shekara.
8. Ajiye kwafin kowace takarda a gida, ba a ofis ba.