Kafin a zuba kwalta, a fara da abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Babu abin da yake min ciwo irin in ga titi sabo fil, ko wata shida bai yi ba, an zo ana fasa shi wai za a sa bututun ruwa. Kuɗin jama'a ne aka kashe sau biyu, kuma wurin da aka yi wa faci har abada ba zai koma daidai ba, nan ne ruwa zai fara shiga, nan ramin farko zai ɓullo. Toh in kana cikin masu tsara aikin titi a birni, ko kana wakiltar mazauna layi, ga yadda ya kamata abin ya tafi.

Dalilin mai sauƙi ne. Kwalta mai kyau takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta nemi babban gyara, shi kuwa bututu in an binne shi da kyau yana haura shekara 50. Kaga kenan wanda ya fi daɗewa shi ne a ƙasa, shi za a fara gamawa.

Abu na farko a san me ke ƙasan. A nemo tsofaffin taswirori a wajen hukumar ruwa da masu wuta da kamfanonin waya, amma kar a yarda da takarda ɗari bisa ɗari, a haƙa ƙananan ramuka nan da can a gani da ido. Bututun ƙazanta, wato mai kwashe ruwan banɗaki da na wanke-wanke daga gidaje, ana zura masa kyamara a ga inda ya tsage da inda saiwar bishiya ta shiga. Safiyo ya auna tudu da gangare, a gwada ƙasar a ga ƙarfinta, a ƙirga motocin da ke bi musamman manya, don tirela ɗaya mai kaya ta fi ƙananan motoci dubbai cin titi.

Sai zane, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Ruwan famfo matsi ne ke tura shi, zai iya hawa tudu ya sauka ba damuwa. Ruwan ƙazanta kuwa gangara kawai yake bi, shi ya sa shi ake fara ba wa hanya a zane, sauran su kauce masa. Injiniyoyi suna so gudunsa ya kai kamar mita 0.6 a daƙiƙa, in bai kai ba datti zai kwanta ya toshe, kuma babban layin yawanci ba ya gaza milimita 200 a faɗi. Duk inda layin ya karya kwana ko gangararsa ta canza sai an yi ramin dubawa mai murfi, a miƙaƙƙen wuri ma ana sa shi kusan duk mita 100. Sannan dan Allah kar a haɗa bututun ruwan sha da na ƙazanta rami ɗaya don a rage kuɗin haƙa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce tazarar mita 3 tsakanin bututun ruwan sha da na ƙazanta, in kuma dole su gitta juna na ruwan sha ya bi ta sama da kamar santimita 45, saboda ranar da aka ɗauke ruwa matsi ya faɗi, bututun da ya tsage zuƙo abin da ke kewaye da shi yake yi, a haka ciwon gudawa da kwalara suke shiga gidaje ta famfo. Ruwan sama shi ma a yi masa lambatunsa daban. Abin da ake yawan mantawa: a ja reshen bututun ruwan sha da na ƙazanta zuwa bakin kowane fili, har kangon da ba a gina ba, a toshe bakin a ajiye, in mai shi ya tashi gini ba sai an taɓa kwalta ba.

Yanzu maganar kuɗi. A raba ƙiyasin kashi-kashi, na titi daban, na ruwa daban, na ƙazanta daban, na lambatu daban, don kowanne da aljihun da ya dace ya biya shi. Titi kowa ke bi, daga harajin birni ya kamata ya fito. Bututu kuwa daga bil ɗin da masu amfani da ruwa suke biya. A wasu biranen ana ɗora wani kaso a kan masu gidajen layin gwargwadon tsawon fuskar filin kowa tunda darajar gidansu ce za ta tashi, ni ban ƙi wannan ba amma da sharaɗi, a bar mutane su biya kaɗan-kaɗan cikin shekaru kuma a sassauta wa marasa ƙarfi, in ba haka ba gyaran titi zai kori talaka daga gidansa. Rance mai dogon zango ya dace da irin wannan aiki tunda waɗanda za su mora nan gaba su ma za su taya biya, sai dai kar wa'adin bashin ya wuce rayuwar abin da aka gina. Tallafi daga gwamnatin sama ko bankunan raya ƙasa yawanci sai ka kawo naka kason, kuma wanda zanensa ya kammala shi ake fara saurara. A ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana, wallahi ƙasa ba ta rasa abin mamaki, ko dutse ko wata waya da ba ta cikin taswira. Kuɗin diyya da na kula da aikin bayan an gama su ma a rubuta su tun yanzu.

A zauna da mazauna layin kafin a tallata kwangila, a gaya musu wata nawa za a yi, ta ina za su riƙa shiga gida, yaushe za a yanke ruwa, masu shaguna su san abin da ke gabansu. In da hali kwangila ɗaya, ɗan kwangila ɗaya, don kar gobe titi ya lotsa mai bututu ya ce laifin mai kwalta ne shi kuma ya ce na mai bututu ne.

Wajen aiki, mafi zurfi shi ne farko, wato ƙazanta, sai lambatu, sai ruwan sha, sai bututun wayoyi. Kafin a rufe a gwada layin ruwa da matsi a ga ba ya yoyo, a wanke shi da kulorin. Cikon rami kuma hawa-hawa ake yi, kamar santimita 20 zuwa 30 a daddage da inji sannan a ƙara, wanda ya tura ƙasa gaba ɗaya da katafila ya bi da rola sau ɗaya ya cuci titin, bayan ruwan sama na farko za ka ga layin ramin ya fito a jikin kwalta. A sa mai sa ido wanda ba yaron ɗan kwangila ba, a biya gwargwadon aikin da aka auna, a riƙe kashi 5 zuwa 10 sai an shekara ana bin titin. Kafin a saki ragowar kuɗin a karɓi taswirar inda kowane bututu ya kwanta a zahiri, hukuma kuma ta hana fasa titin na wasu shekaru sai dai gyaran gaggawa.