Yadda Iyalin Manomi Za Su Tafiyar da Kuɗin Tallafi Domin Karatun Yara

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta tanadi cewa karatun firamare da na ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, kyauta ne kuma wajibi ne a Najeriya. Sai dai duk wanda ya taɓa sa yaro a makarantar ƙauye ya san abin da ke fita daga aljihunsa: ɗinkin kayan makaranta, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, da ɗan kuɗin tara da yaro zai riƙe. Babu mai yawa a cikinsu, amma suna zuwa ne a lokacin da hannun manomi ya fi bushewa. Sabuwar shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, gero bai gama shigowa gida ba, dawa kuwa da sauranta a gona. Zango na uku yana faɗowa wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, daidai lokacin da ake neman kuɗin iri da taki. Amfanin tallafin kuɗi na kai tsaye shi ne cike waɗannan gurabun guda biyu, kuma gidan da ya tsara kashe shi bisa wannan lissafi ya fi cin moriyarsa.

Yana da kyau a fara sanin irin tallafin da ake magana a kai, domin sharuɗɗansu sun bambanta. Shirin gwamnatin tarayya da aka fara a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari ya riƙa ba gida naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya naira 10,000, kuma an tafiyar da shi da rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata na tsawon wata uku. Waɗannan na gida ne gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda aka yi su musamman domin karatu, irin wanda UNICEF ta gudanar a jihohin Sakkwato da Neja daga 2014, inda aka riƙa ba uwa naira 5,000 kan kowace yarinya a duk biya, da shirin AGILE na 'yan matan sakandare a jihohi irin su Kano, Katsina, Kaduna da Kebbi. A Jamhuriyar Nijar ma an taɓa ɗaukar shekaru ana biyan matan gidajen marasa ƙarfi sefa 10,000 a wata. Abin da za a tambaya tun ranar farko shi ne nawa ne kuɗin, sau nawa za a biya, yaushe shirin zai ƙare, kuma ko an ɗaura shi da zuwan yaro makaranta.

Shiga shirin gwamnatin tarayya yana bi ta rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, inda jami'ai ke zuwa gari su zauna da jama'a, mutanen gari da kansu su fitar da gidajen da suka fi buƙata. Ba a biyan ko kwabo domin a rubuta suna, saboda haka duk wanda ya zo yana karɓar kuɗin fom ko yana neman lambar sirrin kati ta waya, macuci ne, a kai maganarsa ga mai unguwa ko dagaci. Yanzu ana buƙatar lambar NIN da asusun banki ko na waya, kuma ya kamata sunan da ke jikin katin ɗan ƙasa ya dace da wanda aka rubuta a rajista, domin bambancin harafi ɗaya yana iya riƙe kuɗin mutum wata da watanni. Idan an je wurin mai POS, a tambayi ladansa kafin a miƙa kati, a danna lambar sirri da hannun kai, a ƙirga kuɗin a gabansa.

Mafi yawan shirye-shiryen nan uwar gida suke ba kuɗin, kuma a ganina an yi daidai, domin ita ce ta san wanda takalminsa ya tsinke da wadda littafinta ya cika. Duk da haka, bai kamata a bar abin ya zama sanadin saɓani ba. Kafin ranar biya, miji da mata su zauna su lissafa yaran da ke makaranta da abin da kowannensu zai buƙata a zangon da ke tafe, a samu wani mai karatu a gidan ya rubuta, ko da ajami ne. Da zarar kuɗin ya shigo, a fara cire rabon makaranta a sayi kayan a ranar kasuwa ta farko, tun kafin labari ya kai ga 'yan uwa da masu bin bashi. Kuɗin da ya kwana uku a gida ba ya rasa mai nemansa, ga biki, ga suna, ga gudummawa, amma yadin da aka riga aka kai wa tela babu mai cewa a ranta masa.

Inda tallafin ya fi yin aiki, wanda kuma mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne wajen kare hatsin gida. Da kaka kowa yana fitar da amfanin gona a lokaci guda, farashi ya faɗi, kuma manomin da ya sayar da buhu a wannan lokaci domin ya biya buƙatun makaranta shi ne zai koma kasuwa da damina ya sayi irin wannan hatsin da tsada a mudu-mudu. Wanda ya ci bashin da zai biya da hatsi idan an girbe ya fi shi shan wahala. Idan kuɗin tallafi ya ɗauki nauyin zangon farko, buhunan sai su zauna a rumbu har bazara, a ci wasu, a sayar da wasu da daraja, kuɗinsu ya biya buƙatun zango na uku tare da taki. Ta wannan hanya tallafin da aka karɓa a Satumba yana ci gaba da yin amfani har watan Mayu, ko da ba a sake biyan wani ba. Wake da gyaɗa sun fi dacewa da wannan ajiya idan an adana su yadda ƙwari ba za su ɓata su ba.

Sai maganar aikin da yaro yake yi wa gida, wadda ta fi kuɗin littafi nauyi. Yarinyar da ke fita talla ita ce ƙafar sana'ar mahaifiyarta, kuma daga ribar tallan ake tara kayan ɗakinta. Yaro kuma shi ne mai kiwo da taya noma, musamman lokacin noman farko. Idan ba a maye gurbin wannan aikin ba, za a ga sunan yaro a rajistar aji alhali shi yana gona. Saboda haka a ware wani abu daga tallafin domin biyan ɗan ƙwadago na kwana biyu ko uku a makonnin da aiki ya fi tsanani, uwa kuma ta karkata jarinta zuwa abin da ake zuwa saye har gida, kamar man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa ko kayan miya, tallan ya koma bayan an tashi daga makaranta ko ranakun Asabar da Lahadi. A shirin da aka ɗaura da zuwa makaranta, fashi yana iya jawo a dakatar da biya, don haka uba ya riƙa leƙawa wurin hedimasta yana tabbatar da cewa ana kiran sunan 'yarsa kuma tana amsawa.

Abin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, a sa shi inda zai haihu. Adashi tsakanin matan da ke karɓar tallafin yana da amfani idan aka tsara kwasar kowace ta faɗo kusa da komawa makaranta. Akuya ɗaya ko 'yan kaji kuwa su ne asusun da ƙauye ya fi sani, kuma ɗan akuyar da aka haifa bana shi zai biya kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO idan lokacinta ya zo, musamman a jihar da gwamnati ba ta ɗauki nauyin biya ba. Wannan tanadin ya zama dole saboda biyan tallafi yakan yi jinkiri, wani lokaci a tsaya watanni ba labari, kuma naira 5,000 ta 2017 ba ta sayen abin da take saye a yau. Idan zango ya kama kuɗin bai iso ba, a tura yaron da tsofaffin kayansa, a je a yi wa hedimasta bayani a nemi ya ɗaga ƙafa zuwa ranar biya ko ranar da za a sayar da hatsi.