Yadda ake lissafin nisa da lokacin tafiya tsakanin filayen jirgin sama biyu

A fara da tantance filin da ake nufi, domin sunan gari kaɗai ba ya isa. Landan tana da Heathrow da Gatwick da wasu, Paris kuma tana da Charles de Gaulle da Orly. Kowane fili yana da lambarsa ta haruffa uku da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ta ba shi, kamar LHR na Heathrow da JFK na New York. Ita za a saka a manhajar auna nisa.

Nisan da manhajar za ta bayar shi ne hanya mafi gajarta a kan doron duniya. Kasancewar duniya a dunƙule take, wannan hanya a taswira takan fito a lanƙwashe, shi ya sa jirgin Landan zuwa New York yake bi ta arewa, ta gefen Kanada. A duba ma'auni da kyau: matuƙa jirgi suna aiki da mil na teku, wanda yake kilomita 1.852, alhali mil na tudu kilomita 1.609 ne. Wanda ya haɗa su ya ɓata lissafi tun daga tushe.

Sai a raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja sukan yi kimanin kilomita 850 a awa idan sun daidaita a sama, masu farfela irin su ATR 72 kuwa wajen 500. Daga LHR zuwa JFK kusan kilomita 5,550 ne, wato awa shida da rabi. A ƙara minti 30 zuwa 40 na tafiya a titin jirgi da hawa da saukowa, saboda kamfanoni suna ƙirga lokaci ne daga barin wurin ɗaukar fasinja har zuwa tsayawa a ɗaya filin. A gajeriyar tafiya wannan ƙari yakan kai rabin lokacin baki ɗaya.

Iska ce ke sauya lissafin sosai. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi tsanani a lokacin sanyi. Jirgin da ya nufi gabas tana tura shi, wanda ya nufi yamma kuma da ita yake kokawa. Don haka New York zuwa Landan kimanin awa bakwai ne, dawowa kuwa wajen takwas, ga shi nisan bai canza ba. Rufe sararin samaniya ma yana tsawaita hanya: tun 2022 jiragen Turai suke kauce wa Rasha, tafiyarsu zuwa Japan ta ƙaru da awanni.

Inda aka fi yin kuskure shi ne agogo. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da filin yake ne. Jirgin da ya bar Landan da ƙarfe 10 na safe ya sauka New York da ƙarfe 1 na rana awa takwas ya yi, domin New York tana bayan Landan da awa biyar. Abin da ya fi shi ne a mayar da lokutan biyu zuwa UTC, wato agogon bai-ɗaya da duniya ke auna lokaci da shi, kafin a debe. A kuma kula da watan Maris da ƙarshen Oktoba, lokacin da Amurka da Turai ke sauya agogonsu a makonni daban-daban, tazarar ta koma awa huɗu.

Idan akwai yada zango, a lissafa kowane zango shi kaɗai, sannan a ɗora lokacin jira a kai.