Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Ƙaramin Ofis da Intanet

Kafin ka sayi komai, ɗauki takarda da biro ka zana ofishin. Ka nuna inda kowane tebur yake, inda firinta za ta zauna, da inda layin intanet zai shigo. Sai ka raba na'urorin gida biyu: waɗanda ba sa motsi, kamar kwamfutar tebur da firinta da kyamarar tsaro, da waɗanda ke yawo a hannun mutane, wato wayoyi da laftof. Duk abin da ba ya motsi a ja masa kebul, a bar wa masu yawo Wi-Fi. Yawancin ofisoshin da ke kuka da intanet a nan suka yi sake. An jibga wa Wi-Fi komai, in ya gaji kuma a ce laifin kamfanin intanet ne.

Daga nan sai zaɓen layi. Idan faiba, wato layin intanet na zaren gilashi, ta iso inda kake, ita ce gaba. In ba ta iso ba, rauta mai ɗaukar sim na 4G ko 5G za ta yi. Kada ka tsaya ga saurin saukarwa kaɗai, ka tambayi saurin ɗorawa, domin taron bidiyo da tura manyan fayiloli da shi suka dogara. Taron bidiyo mai hoto tas yakan ci kusan megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa ga mutum ɗaya. Ka kuma sani cewa kamfanoni da megabit suke lissafi, fayil kuwa da megabait ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Layin megabit 40 megabait 5 zai sauke maka a daƙiƙa.

Kayan aikin ba su da yawa: rauta, suwic da kebul. Rauta ita ce ke tsakanin ofis da duniyar waje. Suwic kuwa ƙara maka ramukan kebul yake yi, tunda rauta da ƙyar take wuce ramuka huɗu. Ka sayi mai gudun gigabit, wato megabit 1000 a daƙiƙa, kuma mai ramuka fiye da bukatarka ta yau. Na'ura shida gare ka? Mai rami 8 zai cika nan da nan, gara mai 16.

Jan kebul

A nan ne aikin yake, a nan kuma ake ha'inci. Kebul samfurin Cat5e yana ɗaukar gigabit, Cat6 ya ɗan fi shi, kowannensu kuma iyakarsa mita 100. Ka nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, yana saurin karyewa, kuma in tafiyar ta yi nisa sai ya fara ba da matsala. Kada ka kwantar da shi jikin wayar lantarki a bututu ɗaya, kada ka lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwa.

Idan da kanka za ka sa masa kai, wato RJ45, ka fere bayan kebul ɗin kamar tsawon gaɓar yatsa. Za ka ga ƙananan wayoyi 8 an murɗe su bibbiyu. Warware su ka miƙar, ka riƙe kan, maƙallinsa na kallon ƙasa, bakinsa na kallonka, ka jera daga hagu bisa tsarin T568B: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Yanke bakinsu daidai wa daida, tura har sai ka hango jan ƙarfen kowace a ƙarshen robar, sannan ka matse da abin matse kan kebul. Ɗaya gefen ma haka. Waya ɗaya tak in ba ta zauna ba, kebul ɗin zai iya yin aiki amma ya faɗo daga megabit 1000 zuwa 100, ba kuma wanda zai gaya maka. Shi ya sa ƙaramar na'urar gwajin kebul ta cancanci a mallake ta.

Kowane kebul ka rubuta masa lamba a kai biyu, ka sa lambar a zanenka. Mutane na raina wannan har sai ranar da suka tsaya gaban kebul goma sha biyu masu launi ɗaya suna neman na teburin akawu.

Haɗawa da saiti

Layin kamfani ya shiga ramin rauta da aka rubuta wa WAN. Daga ɗaya cikin ramukan rautar da aka rubuta wa LAN ka ja kebul zuwa suwic, daga suwic zuwa tebura. Kada kebul ɗaya ya fita daga suwic ya koma cikinsa, domin hakan na iya tsayar da ofis gaba ɗaya.

Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Abu na farko, canza kalmar sirrin shiga rautar kanta, don wadda ta zo da ita daga masana'anta ba sirri ba ce. Sai ka sabunta manhajarta. A ɓangaren Wi-Fi zaɓi tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018, ko WPA2 in akwai tsofaffin na'urori. Tsohon tsarin WEP ya daɗe da fashewa, WPS ma, wato haɗawa da Wi-Fi ta danna maɓalli ko lamba, kashe shi. Ka buɗe wa baƙi nasu Wi-Fi daban, yadda mai jiran ganin manaja ba zai ga fayilolin ofis ba.

Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi ta hanyar DHCP, kuma adireshin kan canza. Ga wayar hannu wannan ba komai. Ga firinta kuwa shi ne dalilin da yau ana bugawa, gobe ta ɓace. Ka keɓe mata adireshi ɗaya na dindindin a cikin saitin. In ka ƙara rauta ta biyu don faɗaɗa Wi-Fi, kashe DHCP ɗinta, ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Rautar ta zauna a tsakiyar ofis, a sama, nesa da kabad ɗin ƙarfe. Zangon Wi-Fi na 5GHz ya fi sauri, 2.4GHz ya fi ratsa bango. A 2.4GHz ka tsaya kan tasha 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Rauta da suwic ka sa su a kan UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ba su da cin wuta.

Gwaji

A Windows buɗe cmd, tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig don ganin adireshin kwamfutar. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta sami rauta ba, duba kebul. In ya yi daidai, rubuta ping, umarnin da ke gwada ko adireshi na amsawa, tare da adireshin rauta, sannan tare da 8.8.8.8, wani adireshi da ke kan intanet. Na farko ya amsa na biyu ya ƙi, matsalar tana layin kamfani, kira su. Duka sun amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, canza shi a saitin rauta zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Haka za ka bi tebur bayan tebur, kana yi wa kowace lamba alama a zanenka. Idan ka gama, rubuta kalmomin sirri da adireshin firinta a bayan takardar, ka ba shugaban ofis ya kulle ta.