Yadda ake cin moriyar tsohuwar Surface mai Windows RT

Microsoft ya fitar da Windows RT a watan Oktoban 2012 domin allunan hannu masu ƙwaƙwalwar ARM, irin wadda ake sa wa wayoyi saboda ba ta cin batir. Kasuwa ba ta karɓe ta ba, kuma tun ranar 10 ga Janairun 2023 kamfanin ya daina aiko mata da gyaran tsaro. Amma Surface RT da Surface 2, allunan hannun Microsoft masu Windows RT, suna nan cikin kayan gwanjo, kuma wanda ya san iyakarsu zai more su.

Da farko ka tabbatar da abin da ke hannunka. Shiga Control Panel, ka buɗe System. Idan ka ga an rubuta Windows RT, to ka cire rai da saka Chrome ko VLC na kwamfuta ko duk wata manhaja mai ƙarewa da .exe. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta, don haka kada wani mai gyara ya karɓi kuɗinka da sunan zai ɗora maka Windows ta kwamfuta.

Sai ka wanke ta, musamman idan ta hannu ce. Ɗaga ƙafar da take tsayawa a kai, za ka ga ramin katin microSD a ɓoye a bayanta. Kwashe abin da kake so zuwa kati ko filas, ka jona caja, sannan ka bi PC settings, Update and recovery, Recovery, ka zaɓi Remove everything. Yana ɗaukar lokaci, kada ka kashe ta a tsakiya. In ta tashi, ka buɗe asusun da ke zaune a kan na'urar kawai, ba sai ka haɗa da na Microsoft ba.

Daga nan ne amfaninta yake. Tana zuwa da Word da Excel da PowerPoint da OneNote na 2013, ba tare da biyan ko sisi ba, kuma ba sa neman intanet. Ramin USB ɗinta babba ne, irin na kwamfuta, saboda haka ko madannanta na asali sun mutu, kowane kibod mai waya zai yi. Ɗalibi mai rubuta aikin makaranta ko malami mai shirya darasi ba ya buƙatar fiye da haka. Littattafan PDF suna buɗewa da manhajar Reader da ke ciki. Bidiyo kuwa ka mayar da shi MP4 a wata kwamfutar kafin ka zuba, don ba ta karanta MKV da kanta.

Intanet ne rauninta. Internet Explorer kaɗai gare ta, shafuka da yawa sun daina buɗewa a kansa, kuma ina roƙonka kada ka shigar da bayanan banki a na'urar da ba a toshe mata ɓaraka. Idan dole sai ka shiga, kuma kana da kwamfuta mai Windows Pro a gida, kunna Remote Desktop a can, ka buɗe Remote Desktop Connection a Surface ɗin, ka rubuta sunan kwamfutar ko lambar IP ɗinta. Kwamfutar ce za ta yi aikin, allon kawai kake gani.

Kafin ka saya, ka sa a jona cajar a gabanka. Bakinta na maganaɗisu ne, na musamman, kuma cajar waya ba ta shiga.