Yadda Ake Shirin Nutso da Tukunyar Iska a Tsibiran Gandun Teku

Akwai tsibirai a tekunan ƙasashe masu zafi waɗanda hukumomi suka keɓe da doka, suka hana ko suka taƙaita kamun kifi da fasa duwatsun murjani a kewayensu, kamar dai yadda ake keɓe gandun daji a tudu. Tubbataha, wanda ke tsakiyar tekun Sulu a ƙasar Filifin, yana cikin irinsu: an keɓe shi a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1993, kuma babu gari ko masauki a wurin, sai dai jirgin ruwa ya taso daga birnin Puerto Princesa ya kwana yana tafiyar kimanin kilomita 150. Tsibirin Kokos na Kosta Rika ya ma fi haka nisa, domin yana da tazarar kusan kilomita 550 daga gaɓa, tafiyar kwana ɗaya da rabi. Wannan nisa shi ne ya bar kifaye suka yawaita, murjani ya rayu, shi ne kuma abin da ya wajaba mai nutso ya gina dukkan shirinsa a kai, domin kuskuren da za a gyara cikin awa guda a bakin birni yana iya cin rai a wurin da likita yake da tafiyar yini.

Irin waɗannan wurare ba makarantar koyon nutso ba ne. Kafin mutum ya fara tunanin tafiya, ya kamata ya sami horo da takardar shaida daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka sani a duniya, irin su PADI da SSI da CMAS. Matakin farko yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, ana fara shi a kududdufin iyo a kammala da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, kuma yana ba mutum damar sauka zuwa zurfin mita 18. Mataki na biyu yana kai shi mita 30, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya kuwa mita 40 ce. Sai dai a ganina takarda ba ta kai yawan shiga ruwa muhimmanci ba. Wanda ya karɓi takardu biyu a mako ɗaya, bai taɓa haɗuwa da ruwa mai ja ba, har yanzu sabon shiga ne, shi ya sa jiragen da ke zuwa wurare masu nisa sukan nemi ganin littafin da mutum yake rubuta nutsonsa. Idan kuma an yi watanni ba a shiga ruwa ba, to a sake maimaita darasi da malami kafin a hau jirgi.

Batun lafiya ba ya son kara. Mai asma, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, da wanda huhunsa ya taɓa samun matsala, dole su ga likitan da ya san harkar nutso, kuma a karɓi hukuncinsa ko da bai yi daɗi ba. Mace mai juna biyu ba ta nutso. Ko mura ce ta kama mutum a ranar, ya haƙura ya zauna a jirgi, saboda toshewar hanci tana hana kunne daidaita matsi. Haka nan a yanki inshorar da ta ambaci haɗarin nutso da kwashe majinyaci ƙarara, irin wadda ƙungiyar DAN take bayarwa, domin inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar wannan nauyi.

Kowane gandu yana da lokacinsa. Tubbataha ana zuwa ne daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni kawai, lokacin da teku yake kwance. Tsibiran Similan na Tailan ana rufe su daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba saboda iskar damina. A Sipadan na Maleshiya ba a kwana a tsibirin, kuma an ƙayyade yawan waɗanda za su shiga kowace rana, don haka akan nemi izini tun da sauran watanni. Kuɗin shiga da ake karɓa a gandun teku shi ne yake taimakawa wajen riƙe masu gadi da jiragen sintiri, saboda haka a tabbata an biya ta hanyar da hukuma ta tsara, an kuma karɓi shaida.

Wajen zaɓen jirgi, mutane sukan tsaya kallon hoton ɗakin kwana, alhali tambayoyin da suka fi muhimmanci suna wani wurin. A tambayi ko akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirgin, kuma ta awa nawa ce, domin ƙaramar tukunyar da za ta ƙare cikin minti talatin ba za ta amfani wanda yake da tafiyar awa goma a gabansa ba. A tambayi inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato ɗakin da ake jinyar ciwon da nutso yake jawowa, da yadda ake kai majinyaci can, da ko akwai rediyo da wayar tauraron ɗan'adam, da mutum nawa jagora ɗaya yake riƙewa. Jirgin da ya amsa waɗannan tambayoyi ba tare da kwana-kwana ba ya cancanci a amince masa. Kafin kowane nutso kuma a buɗe tukunya a shaƙi iskar: ya kamata a ji ta ba wari ba ɗanɗano, in kuwa an ji warin mai ko hayaƙi, to a mayar da ita, domin alama ce ta cewa injin cika tukunya ya zuƙi gurɓatacciyar iska.

Ana iya hayar yawancin kaya, amma gilashin fuska da kwamfutar nutso, wadda ake ɗaurawa a hannu kamar agogo, gara su zama na mutum. Gwajin gilashi abu ne mai sauƙi: a ɗora shi a fuska ba tare da an sa igiyarsa ba, a ɗan ja numfashi ta hanci, idan ya manne bai faɗo ba to ya dace. A riƙe doguwar balan-balan mai launin ruwan goro da zarenta, da usur, da ƙaramin madubi, da tocila, da igiyar gilashi ta biyu da 'yan zobban roba, tunda babu kanti a tsakiyar teku. Rigar roba mai kaurin milimita 3 tana da amfani ko a ruwa mai ɗumi, saboda ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, kuma wanda yake shiga sau uku ko huɗu a yini zai fara jin sanyi kafin kwana na uku.

Abin da ya sa dokokin nutso suke yadda suke shi ne matsin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin dukkan iskar da ke saman duniya, ta yadda a mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 30 ya zama ninki huɗu. Kunne ne yake fara shaida haka, saboda haka tun daga mitar farko ake toshe hanci da yatsu a hura a hankali, a kuma riƙa maimaitawa kafin a ji zafi. Idan kunne ya ƙi buɗewa, a ɗan hau sama a sake gwadawa. Tilasta masa yana iya fasa dodon kunne. Huhu kuwa dokarsa ɗaya ce: ba a riƙe numfashi, musamman wajen hawa, domin iskar da aka shaƙa a mita 10 takan ninka girmanta kafin a iso sama, kuma huhun da aka rufe zai yage. Matsin ne kuma yake sa iska ta ƙare da sauri a zurfi, inda tukunyar da aka cika zuwa 200 a ma'aunin matsi na "bar" take tafiya ninki huɗu a mita 30 fiye da yadda za ta tafi a sama. A riƙa duba ma'auni a kai a kai, a kuma tsara cewa za a fito da akalla 50 a ma'aunin.

Haɗarin da ba a gani shi ne iskar naitirojin, wadda ita ce kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka, idan kuma aka hau da gaggawa sai ta fito kumfa-kumfa, kamar yadda kwalbar lemo take yi in an buɗe ta farat ɗaya. Jadawalin PADI ya ba da iyakar zama ta minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30, kuma waɗannan lokuta suna raguwa a nutso na biyu da na uku, tunda jiki bai gama fitar da ta baya ba. A nan ne nisa ya kamata ya canza halin mutum. Abin da kwamfuta ta nuna iyaka ce ta ƙarshe, saboda haka a wuri mai nisa a fara hawa tun da sauran minti biyar ko fiye, a hau a hankali kamar mita 9 a minti, a tsaya minti uku a zurfin mita 5, a bar akalla awa guda tsakanin nutso da nutso, a kuma yawaita shan ruwa. Ba laifi ba ne a bar nutso ɗaya ya wuce a tsakiyar mako don jiki ya huta. Wanda ya yi kwas ɗin iskar naitiroks, mai oksijin kashi 32, zai rage naitirojin da yake tarawa, amma da sharaɗin kada ya wuce kimanin mita 33.

Tsibiran da ke tsakiyar teku ruwansu yana gudu, kuma gudun ne yake kawo abincin da ke tara manyan kifaye. Jagora yakan duba inda ruwa ya dosa, a sauke mutane ta inda ruwan yake tahowa, su bi ruwa ya tafi da su a jikin bangon murjani, ƙaramin kwale-kwale yana binsu. Ba a kokawa da irin wannan ruwa, domin iska da ƙarfi ne za su ƙare a banza. Wani lokaci a jikin bango ruwan yakan juya ya yi ƙasa, alamarsa kuwa ita ce mutum ya ga kumfar numfashinsa tana tafiya ƙasa ko tana yawo a gabansa maimakon ta hau, kunnuwansa kuma suna neman a daidaita su alhali bai yi niyyar sauka ba. Abin yi shi ne a ƙara iska a falmaran, wato rigar da mai nutso yake hura wa iska don ta ɗaga shi, a yi iyo a nisanci bangon har a fita daga jan, sannan a rage iskar nan take don kada a yi tsalle zuwa sama. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, kuma firgici ne yake kai mutum ga haka. Maganinsa a tsaya, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan a yi tunani. Idan aka rabu da abokin nutso, a neme shi na minti ɗaya, in ba a gan shi ba a hau a hankali, a saki balan-balan tun ana ƙasa domin mai kwale-kwale ya san inda ruwa ya kai mutum.

Murjani dabba ce mai rai, kuma manyan dunƙulallun nau'insa ba su ƙara fiye da kamar santimita ɗaya a shekara, saboda haka abin da filafilin ƙafa ya karya cikin daƙiƙa yana iya zama ginin shekaru masu yawa. Kariyar da ta fi kowace ita ce iya tsayawa a tsakiyar ruwa ba nitsewa ba tashi, wanda yake farawa da daidaita dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu. A gwada a ranar farko: da falmaran babu iska da numfashi na daidai a ƙirji, ruwa ya kamata ya tsaya wa mutum a daidai ido, in ya fitar da numfashi ya fara sauka a hankali. Wanda ya yi wa kansa lodin dalma shi ne yake tafiya ƙafafu a ƙasa yana tayar da yashi. Ba a taɓa komai, ba a ɗaukar ko ɓawon katantanwa, ba a ciyar da kifi, ba a bin kunkurun teku ko kifin manta. Wanda ya natsu wuri ɗaya sau da yawa su ne suke zuwa kusa da shi. Ƙasar Palau ta haramta man kariyar rana mai sinadarin oksibenzon tun 2020, Tailan ma ta hana shi a gandayenta na teku a 2021, don haka riga mai dogon hannu ta fi sauƙi.

Bayan an fito, duk wanda ya ji ciwon gaɓa, ko kasala wadda ta wuce misali, ko mutuwar wani sashen jiki, ko jiri, ko ya ga fatarsa ta yi ja-ja da ƙaiƙayi, ya faɗa wa jagora nan take, kada kunya ta sa ya shiga ɗaki ya yi shiru. Za a kwantar da shi, a sa masa oksijin zalla, a kira likita ta rediyo, kuma ba a mayar da shi cikin ruwa da sunan magani. Hawan jirgin sama ma yana buƙatar lissafi, domin ƙarancin matsi a sama yana iya tayar da kumfar da ta kwanta: ana jiran akalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutson kwanaki a jere, da yawa kuma sukan cika awa 24. Saboda haka tun wajen yankan tikitin komawa a bar kwana guda cur tsakanin nutson ƙarshe da tashin jirgi, a yi amfani da ranar wajen ɗauraye kaya da ruwan daɗi, a shanya su a inuwa, a kuma rubuta zurfi da lokaci da nauyin dalmar kowane nutso a littafi, domin da su za a fara lissafin tafiya ta gaba.